Ƙanina na so ya sauya min manhajojin waya, mai gyara ya ce bairos ne

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce, shagona yana Kasuwar Barci, gida kuma a Tudun Wada. Kusan duk harkata a waya take: awon kwastomomi, hotunan sitayil, lissafin wadda ta ba da kafin alƙalami da wadda nake bi ciko. Watanni ke nan wayar ta hana ni sakat. Talla na faɗowa ko ban taɓa komai ba, wani lokaci da hotunan da ba su dace ba, ga yara na ɗaukar wayar su yi bitar karatu. Data ba ta kai min ƙarshen wata, caji ba ya kai la'asar, kullum kuma sai ta ce wuri ya cika. Ƙanina da ke karatun kwamfuta a Poli ya ce in ba shi ita ya goge komai, ya zuba min manhajoji masu buɗaɗɗen tushe daga wani wuri wai shi F-Droid, har WhatsApp ya ce in bari in koma Signal. Mai gyaran wayar da nake zuwa wurinsa kuma ya ce duk abin da ba daga Play Store ya fito ba bairos ne, za a kwashe min kuɗin banki. Yanzu yaron ya yi fushi, wai na fi yarda da bare a kansa. Ga ɗinkin Sallah ya matso. Wa zan bi?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya raya mana yaran.

Kafin komai, kada ki bari kowa ya goge wayar nan a yanzu, ko ƙaninki ko mai gyara. Kayan mutane na jibge a shago, kuma idan awo ya ɓace ana saura mako biyu Sallah, babu manhajar da za ta je ta ba kwastoma haƙuri a madadinki. Amma manhajojin da yaron yake magana a kai na gaskiya ne, da yawansu za su rage miki wannan ciwon kai, kuma ana sa su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba. A ganina abin da ya kamata ki sauya shi ne manhajojin da ke kaɗai kike aiki da su. Waɗanda suka haɗa ki da kwastomomi da kuɗinki ki bar su yadda suke.

Na lura ƙanin naki suna kawai ya kira miki, bai zauna ya yi miki bayani ba, shi ya sa maganar mai gyara ta fi shiga ranki. Kowace manhaja rubutu ce, jerin umarni da wani ya zauna ya tsara: in an danna nan a yi kaza, a ɗauko kaza, a aika kaza zuwa wuri kaza. Yawancin kamfanoni ɓoye wannan rubutun suke yi, su miƙo miki abin da aka gama. Masu buɗaɗɗen tushe kuwa sun baje nasu a fili, lasisinsu ya ba kowa damar ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ke kin fi ni sanin bambancin rigar da aka ba ki a ƙulle cikin leda da wadda aka bari kika juya bayanta kika duba ɗinkin ciki, kika ga inda aka yi kalmasa mai kyau da inda aka yi ha'inci. Ba lallai ke ki iya karanta rubutun ba. Amfanin shi ne akwai dubban masu iyawa a duniya, kuma mai son cusa abin cutarwa ya san ana iya kama shi.

Tsarin ma ba baƙo ba ne a hannunki. Richard Stallman ya fara fafutukar a bar rubutun manhaja a buɗe ga kowa a Amurka a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux, tushen manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, kuma a kan Linux ɗin aka gina Android da wayarki ke aiki da shi. Abin da ke sama ne, wato manhajojin da kamfanin waya da masu talla suka ɗora, yake a rufe.

Tallar da ke damun ki kuma ga asalinta. Wanda ya ba ki manhajar tocila ko ta goge datti ko ta tura bidiyo kyauta, dole ta wani wuri yake cin abinci. Ko dai ya nuna miki talla a biya shi, ko ya tattara bayananki ya sayar, ko duka biyun. Kowace talla da ta faɗo, da datarki aka sauko da ita, da cajinki aka kunna ta. Ba a bar ko manhajojin ibada ba. A watan Nuwamba na 2020 wata kafar labarai ta Amurka mai suna Motherboard ta bankaɗo cewa bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro suke na zuwa hannun wani kamfani, X-Mode, wanda cikin masu sayen bayanansa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da wani abu, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin, amma miliyoyin Musulmi a lokacin ne suka fara tambayar ina bayanansu ke zuwa. A nan gida kin san labarin manhajojin bashi da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya yi jinkirin biya su bi 'yan'uwa da abokan arziki da saƙon cin mutunci. Har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotuna. Ki lura, da yawa daga cikinsu a Play Store mutane suka sauke su.

Wannan ya fi shafar ki fiye da mai wayar da babu komai cikinta sai wasanni. A taki akwai lambobin matan aure da 'yan mata, da awon jikinsu, da hotunan da wasu suka turo miki suna sanye da kayan da kika ɗinka don ki ga yadda ya zauna. Sun ba ki ne saboda sun amince da ke. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, amma ke tun kafin doka kin san amana ce. Duk manhajar da kika ba izinin shiga hotuna da lambobi, kin buɗe mata wannan amanar.

Mai gyaran wayarki ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. Kullum ana kawo masa wayoyin da suka lalace saboda manhajar da aka turo a guruf, ko wadda aka zuba wa mutum a shagon caji, ko wadda wani linki ya ce a danna a samu data kyauta. Mafi shahara cikinsu su ne GB WhatsApp da ire-irenta. Waɗannan kwafi ne da wani da ba a san ko wane ne ba ya farke ya sake ɗinkewa a ɓoye, babu mai ganin abin da ya ƙara a ciki, kuma kamfanin WhatsApp ya sha faɗa cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. Idan akwai irinta a wayarki, ita ce farkon abin da za a rabu da shi, amma sai an adana hirarraki masu muhimmanci tukun. Kuskuren mai gyara shi ne ya haɗa waɗannan da F-Droid a kwando ɗaya. F-Droid rumbun manhajoji ne da ke aiki tun 2010, 'yan sa-kai ke tafiyar da shi. Ba ya karɓar manhaja sai wadda tushenta ke a buɗe, galibi su da kansu suke harhaɗa ta daga rubutun da kowa ke gani, kuma idan tana da wani hali da mai amfani ba zai so ba, kamar talla ko bin diddigi, suna rubuta gargaɗi a jikinta. Ba sa neman imel ko lambar waya. Sharaɗin kawai shi ne a sauke shi daga shafinsu na asali, f-droid.org, ba daga hannun wani ba.

Ba ina cewa duk mai buɗaɗɗen tushe tsarkakakke ba ne. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka cusa cikin xz, wata ƙaramar manhaja da kwamfutocin Linux ke dogaro da ita, bayan mai cusawar ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne har aka sakankance da shi. An kama abin kafin ya yaɗu sosai, amma ya nuna ana iya gwadawa. Akwai kuma manhajojin da mai su ya gaji ya watsar, shekara da shekaru ba sabuntawa. Don haka a riƙa duba ranar da aka sabunta manhaja ta ƙarshe kafin a sa ta.

Abin da zai kashe gardamar gidanku shi ne, kusan duk manhajojin da zan ambata miki suna nan a Play Store ɗin ma. Ki sauke su daga can, ki duba sunan mai su da kyau don akwai masu kwaikwayo, ki bar Play Protect, wato mai binciken manhajoji masu cutarwa na Play Store, a kunne. Mai gyara ba shi da abin cewa, ƙaninki kuma ya samu abin da yake so. Akwai ƙarin dalili: a watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai fara buƙatar masu yin manhajojin Android su yi rajista da shi ko da ba ta Play Store suke rabawa ba, kuma masu F-Droid sun fito sun yi adawa da hakan. Wannan rigima ce ta manya, bai kamata shagonki ya rataya a kanta ba.

To, ga yadda zan so ku bi abin. Aikin farko adanawa ne. Ku kwafe hotuna da duk wani rubutun awo da lissafi zuwa memori ko kwamfutar ƙaninki, sannan ki buɗe kwafin da idonki ki tabbatar ya buɗu. Awon waɗanda kika karɓi ɗinkin Sallarsu kuma ki sa a littafi da biro, yau ɗin nan.

Daga nan sai farautar mai jefo tallar. Yawanci manhaja ɗaya ce ko biyu. Da zarar talla ta faɗo, kada ki rufe ta, ki danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, sau da yawa sunan mai laifin zai fito a saman tallar. Sannan ku shiga saitin, ku nemi wurin da aka rubuta Display over other apps, wato jerin waɗanda aka ba izinin fitowa a kan sauran manhajoji. Duk wadda ba ki san dalilin zamanta a wurin ba, a cire mata izinin. Ku bi jerin manhajojin wayar gaba ɗaya har ƙasa, domin wasu na ɓoyewa da farin tambari ko ba suna. Masu cewa suna goge datti, masu sanyaya batir, masu ƙara gudun waya, tocilar da ke neman izinin lambobinki, duk a sallame su. Waɗanda suka zo da wayar ba sa goguwa, amma da yawa ana iya dakatar da su ko a kashe musu sanarwa. Idan burauza ce ke turo tallar, a shiga saitinta a hana shafuka aiko da sanarwa. In ƙaninki na son ya nuna miki hujja, akwai wata ƙungiyar sa-kai a Faransa, Exodus Privacy, da ke wallafa jerin masu bin diddigin da ke cikin manhajojin Android masu yawa. Ya rubuta sunan wadda kuke shakka, ku gani tare.

Sai maye gurbi. Inda za ki fi ganin canji shi ne wurin hotuna da fayil. Akwai jerin manhajoji masu suna Fossify: ta hotuna, ta fayil, ta rubutu, ta kalanda, ta lambobin waya, ta naɗar murya. Ba talla, ba su da nauyi. Labarinsu ma ya isa ya nuna miki amfanin buɗaɗɗen tushe. Asalinsu wasu manhajoji ne da ake kira Simple Mobile Tools, waɗanda mutane suka daɗe suna yabo. A ƙarshen 2023 mai su ya sayar wa wani kamfani da aka sani da cusa talla da neman kuɗin wata-wata. Da yake rubutun a buɗe yake, sai wasu daga cikin masu taimakawa suka ɗauke shi suka ci gaba da shi da sabon suna. Da a rufe yake, sai dai kowa ya yi haƙuri. Saboda haka ki kula, Fossify za ki nema, ba tsohon sunan ba. A cikin ta hotunan ki ware jaka-jaka: atamfa, leshi, shadda, anko, kayan yara. Hotunan kwastomomi ki sa su a jaka guda ki kulle da lambar sirri, yadda ko yara sun ɗauki wayar, ko wata ta karɓa tana zaɓen sitayil, ba za ta zarce inda bai kamata ba. Tana da kwandon shara kuma, in kin goge hoto bisa kuskure za ki iya dawo da shi.

Awo da lissafi, Fossify Notes ta ishe ki: kowace kwastoma da shafinta, suna, tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙugu, ranar karɓa, abin da ta bayar, abin da ya rage. Tana iya fitar da duk rubutun a fayil guda don adanawa. In kina son haɗa kowane awo da hoton yadin, Joplin ta fi dacewa, sai dai ta ɗan fi wuyar sabo.

Wajen tura hotuna da bidiyo tsakanin waya da waya akwai LocalSend. Ba ta cin data. Waya ɗaya ta kunna hosfot, ɗayar ta shiga, ko duka biyun su hau Wi-Fi ɗaya, sai sunan kowace ya fito a fuskar 'yar'uwarta, ki zaɓi hoto ki tura. Tana aiki da iPhone da kwamfuta ma. Cikas ɗinta shi ne sai ɗaya ɓangaren ma yana da ita, kuma yawancin kwastomominki Xender suka sani. Don haka ki ɗauke ta a matsayin ta gida da ta shago: ke da yaran shagonki, ke da kwamfutar ƙaninki.

Kallo da sauraro, VLC. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, ƙungiyar VideoLAN ke riƙe da ita, tana buɗe kusan kowane irin bidiyo da sauti, kuma ba ta taɓa sa talla ba. Karatun malamai da kike saurare kina kan keke, nan ne wurinsa. Shiga intanet kuma Firefox, a ƙara mata uBlock Origin, wanda ke tare yawancin tallace-tallacen shafuka tun kafin su sauko. Masu Firefox, wato Mozilla, mafi yawan kuɗinsu daga Google suke samu saboda sun sa shi a matsayin wurin bincike na farko. Na faɗa miki ne don ki san su ma ba da iska suke rayuwa ba. Wasu da gudummawar jama'a suke tafiya, wasu da tallafi, wasu da sayar da ƙarin hidima.

Batun yara shi ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki. Yaro ya buɗe waya zai yi tilawa, hoton banza ya faɗo masa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Quran for Android, ta mutanen quran.com, buɗaɗɗiya ce, ba talla. Ana sauke shafukan da ƙira'ar da ake so sau ɗaya, daga nan ko ba data tana aiki, tana kuma iya maimaita aya ga mai hadda. Don lokutan salla akwai Al-Azan, wadda a cikin wayar take lissafinta. Ki daidaita mintunanta da masallacin unguwarku, kuma a cire ta daga jerin waɗanda wayar ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba wata rana za ta yi shiru da asuba. Don aikin makaranta akwai Kiwix, da ke ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Idan za ki miƙa wa yaro wayar, ki kashe data tukun. Da waɗannan ukun ba ya buƙatar ta.

Akwai wata da nake so ƙaninki ya zauna ya saita miki da kansa, sunanta NetGuard. Tana jero duk manhajojin wayar, kowace da alamar data da ta Wi-Fi a gefenta, ki danna ki rufe wa wadda kika ga dama hanyar intanet. Wasan yara, kalkuleta, kyamara, me za su yi da data? In aka rufe musu, tallarsu ta mutu. Za ki ga ɗan hoton makulli a saman waya, kada ya tsorata ki, alamar tana aiki ce. A yi hattara kada a rufe wa WhatsApp da banki da manhajojin Google da wayar ke dogaro da su, in ba haka ba saƙo da alat za su daina shigowa.

Taswira ba na jin tana cikin damuwarki, amma in kina kai kaya unguwannin da ba ki sani ba, ko kina bin hanyar Abuja inda sabis ke ɗaukewa, Organic Maps na aiki ba data bayan an sauke yankin. 'Yan sa-kai ke zana taswirar, don haka manyan tituna sun fi samun kulawa a kan lunguna.

Wataƙila yaron zai kawo miki NewPipe, mai nuna bidiyon YouTube ba talla. Ni ba na ba ki shawarar ta. Ta saɓa wa ƙa'idojin YouTube, ba ta Play Store, takan tsaya duk lokacin da aka sauya wani abu a can. Sannan masu shirya finafinan Hausa masu dogon zango da malaman ɗinki da kike koyon sabon yanka a wurinsu, da kuɗin tallar nan suke biyan ma'aikata. Ke mai sana'a ce, kin san zafin a ci guminka.

Yanzu WhatsApp. A nan ban goyi bayan ƙaninki ba ko kaɗan. Signal manhaja ce mai kyau, buɗaɗɗiya, gidauniya ce ke riƙe da ita ba kamfanin talla ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WhatsApp, Brian Acton, shi ya zuba dala miliyan 50 aka kafa gidauniyar a 2018. Tsarin kulle saƙonnin da WhatsApp ke amfani da shi tun 2016 ma na Signal ne. Amma kasuwarki a sitatus take. Hajiyar da ke Unguwar Rimi da amaryar da ke Kawo ba za su sauke sabuwar manhaja don su tambaye ki ko ɗinki ya yi ba, wata telar za su nema. In kuna so ku sa Signal don hirar gida, bismillah. Hirar kasuwa ki bar ta a WhatsApp, ki kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke kaɗai kika sani, kuma lambar nan mai guda shida da ake turowa ta saƙo kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga guruf ɗin Islamiyya yake.

Haka manhajar banki, ko OPay ce ko Moniepoint ko ta wani bankin. Ba su da madadi mai buɗaɗɗen tushe, daga Play Store kaɗai ake sauke su. Idan kin ji yaron na maganar yi wa waya rutin, wato cire kariyar da kamfani ya sa wa tsarinta, ko sauya mata Android ɗin gaba ɗaya, ki ce a'a. Manhajojin banki da yawa na ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa haka, kuma kuskure kaɗan na iya kashe ta. In yana son gwaji, ya nemi tsohuwar waya. Lambar sirrin banki kuma kada ta shiga manhajar rubutu tare da awo.

Kada in yi miki alƙawarin da ba zai cika ba game da data. Tun da hukumar sadarwa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa na kuka. Cire masu talla zai rage wani abu, amma babban mai cin data bidiyo ne: sitatus, TikTok, Instagram, da abin da guruf-guruf ke zubowa dare da rana. Ki shiga saitin WhatsApp, wurin Storage and data, ki hana hoto da bidiyo sauka da kansu. A nan kuma akwai Manage storage, zai nuna miki fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ki share. Ina kyautata zaton a nan wurin da wayar ke cewa ya cika ya tafi. Caji kuma, in an yi duk wannan bai gyaru ba, batirin ne ya tsufa, wannan aikin mai gyara ne, ki kai masa.

Sai abu guda da masu son waɗannan manhajoji kan manta su faɗa, alhali a garin nan shi ne mafi muhimmanci. Yawancinsu ba sa aika komai zuwa ko'ina, wanda shi ne kyansu. Amma hakan na nufin in aka fizge wayar a cikin Keke Napep, ko ta faɗa ruwa, abin da ke ciki ya tafi ke nan, babu wani kamfani da ya ajiye miki kwafi. Don haka ki tsayar da rana guda a mako, ko Juma'a da yamma bayan an rufe shago, ki tura rubutun awo da sababbin hotuna zuwa kwamfuta ta LocalSend, ko zuwa memorin da ke zaune a gida, ba wanda ke cikin wayar ba. Idan kin san ba za ki iya riƙe wannan ba, gara ki bar ajiyar Google a kunne don hotunan sitayil da lambobi. Littafin shago kuma kada ki yar da shi.

Game da fushin ƙaninki, yaro ne da ya koyo abu mai amfani, ya ɗoki ya fara amfanar da yayarsa, sai ya ji an fifita maganar wani a kan tasa. Ki kira shi ki ce kin bincika, kin gane manhajojinsa na kirki ne, kuma shi kike so ya yi aikin. Sai ki gindaya masa sharuɗɗanki: a gabanki za a yi, ba goge waya, ba taɓa banki da WhatsApp, kuma duk wadda ya sa sai ya koya miki har kin iya da hannunki kafin a cire tsohuwar. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, don in ya koma makaranta ko ya tafi hidimar ƙasa, ke za a bari da wayar. Kada ki kai masa maganar mai gyara, kada kuma ki kai wa mai gyara tasa.

Kafin Sallah ku tsaya kan abu uku: adanawa, korar masu talla, da sa Alƙur'ani da VLC saboda yara. Sauran su jira sai an gama raba ɗinki. Ranar da kuka fara, ki shiga saitin ki rubuta adadin datar da kowace manhaja ta ci, bayan mako biyu ki sake dubawa, za ki ga wadda ta rage da wadda har yanzu take ci. Idan duk da haka talla ta ci gaba da faɗowa ba a gano mai jefo ta ba, to a lokacin ne za a yi maganar mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, bayan Sallah, bayan kin buɗe kwafinki kin ga awon kowa yana nan. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare. Allah ya kawo kasuwa.